Sallama a Kan Allo

Shagona na bayan tashar Kawo,
taku huɗu ne in ka cire gurbin janareta.
Tun da masaƙar Kakuri ta yi shiru
na koma saƙar haruffa.
Takardar haya, kukan fansho, wasiyya,
duk ta wannan allo suke bi.

Tun ranar farko na kawar da fuskarsa daga ƙofa,
don mai jiran layi ba ya rasa dogon wuya.
A zatona na gama tsaro ke nan.

Sai wata Laraba Ishaku ya zo gyara,
yaron nan mai sukudireba a aljihun gaba.
Ya ce, Baba Tanimu, ka datse ƙofa ka bar rufi a yaye.
Ya buɗe wata 'yar baƙar taga a gefe,
ya ce in rubuta abin da na ga dama a ɗayar.
Na rubuta sunan mahaifiyata.
Kafin in ɗaga yatsa
ga shi can yana ɓullowa a baƙar, harafi na bin harafi,
kamar da wani a ƙarƙashin teburina yana kwaikwayona.

Ashe gidan haya nake riƙe da shi, ba katanga ba labule,
kowace taga na leƙen 'yar'uwarta,
kowace na jin abin da yatsuna ke faɗi.
Na tuna Lantana da lambar asusunta,
yadda ta kare baki da gefen mayafi tana karanto mini.
Na tuna Bitrus da takardar asibiti
wadda ko matarsa bai nuna wa ba.
Fanka na juyawa, ni kuwa gumi.

Ishaku ya kwashe tsohon tsari, ya dasa sabo.
Kowace taga da ɗakinta, kowane ɗaki da sakata.
Daren nan na yi barci har da minshari.

Da gari ya waye,
'yar manhajar da ke kumbura mini haruffa,
abokiyata shekara shida, tun da idona ya fara hazo,
ta tsaya kamar makauniya a bakin titi.
Wai ba a ba ta izinin ganin allo ba.
Maɓallin da na koya wa rubuta
“Bayan gaisuwa mai yawa” da taɓawa ɗaya,
na danna, na danna, ko tari.

Na kira shi, yana Barnawa kan wani aikin.
Ya ce, Baba, tsarin bai san ɗan gida da ɓarawo ba,
a wurinsa duk mai leƙe mai leƙe ne.
Na ce, to ni fa?
Ni na biya kuɗin na'urar, kashi uku, da ƙyar.
Ni ke sayen fetur.
Maigadi baƙo yake tsarewa,
yaushe ya fara tambayar maigida ina za shi?

Ya yi dariya, ya zo da yamma, ruwa ya jiƙe shi sharkaf.
Ya tono wani lungu can cikin saiti,
ya nuna mini inda makullan ke rataye.
Ba duka ba. Akwai waɗanda aka ɓoye mini har yau,
ban kuma yafe ba.
Amma na ba wa mai kumbura haruffa nata.
Wata da ban san wa ya kawo ta ba, na hana ta.

Yau Lantana ta dawo, fanshon bai fito ba.
Muna tsakiyar layi na uku
wani ɗan akwati ya faɗo a tsakiyar allo:
wance na son ganin abin da kake gani. Ka yarda?
Hannuna ya tsaya a kan linzami.
Ta ce, Malam, lafiya?
Na ce, sallama ake yi.
Ta ce, to amsa mana.
Na gyara tabarau, na matso da kujera.
Na ce, bari dai in ga ko wane ne.